A Kan 'Ya'yan Wa Ake Koyon Aski?

 Ban daɗe da dawowa daga aikin gwajin koyarwa ba, wannan da muke kira T.P., wanda tilas ne kowane ɗalibin Tsangayar Ilmi ya yi shi kafin a ba shi takardar shaida. Na yi mako shida cur a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, na dawo da maki mai kyau, har abokai suna taya ni murna. To, wannan makin shi ne ya hana ni barci, domin na san yadda aka yi na same shi, na kuma san waɗanda suka biya kuɗinsa. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ko na garin, ko na wani mutum, saboda abin da na gani ya fi ƙarfin gida ɗaya. Duk wanda ya je ya dawo zai ga makarantarsa a cikin tawa.

Larabawa suna da wani karin magana game da mutumin da yake koyon aski a kan marayu, watau waɗanda in an yanke su ba su da mai tsaya musu. Maganar da nake so in kafa a gabanku ita ce, yadda ake tafiyar da gwajin koyarwa a makarantu irin wadda na je, koyon aski ne a kan 'ya'yan talakawa, kuma babu wanzami a kusa. Ɗalibi ba ya koyon sana'ar, yara ba sa samun karatu, sa'an nan kowa ya sa hannu a takarda cewa aiki ya yi kyau.

Ran Litinin ɗin farko mu bakwai muka isa makarantar, kowa ya sha guga, kowa riƙe da wasiƙar gabatarwa. Mataimakin shugaban makaranta ya karɓe mu hannu bibbiyu, yana ta cewa, "Allah ya kawo ku, Allah ya kawo ku." Na ɗauka karamci ne kawai. Sai daga baya na gane murna ce irin ta mai gona da ya hango 'yan gayya. Kafin a tashi tara an raba mana azuzuwa. Ni Lissafi nake karanta, aka ba ni Lissafi a 'yan aji ɗaya har kashi uku, sa'an nan aka ƙara mini da Kimiyya, wai ai duk gidansu ɗaya. Wata 'yar'uwarmu mai karanta Hausa aka ɗora mata Turanci, domin an daɗe ba a da mai koyar da shi. Malamin da yake da azuzuwana ya miƙo mini littafi guda wanda bangonsa ya fita, da guntayen alli uku, ya nuna mini inda ya tsaya, ya ce, "Malam, ga yaranka nan, Allah ya ba da sa'a." Daga ranar ban sake ganinsa a ƙofar ajin ba sai ranar da zai sa mini hannu.

A takarda, wannan bawan Allah shi ne uban gidana. Abin da aka gaya mana kafin mu tafi shi ne, zan fara zama a bayan aji ina kallon yadda yake yi, sa'an nan in karɓi alli shi kuma ya koma baya ya zauna, in an tashi ya kira ni gefe ya gyara mini. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ba a yi ba.

Na shiga aji na farko na tarar da suna 112 a rajista, alhali kuwa Manufar Ilmi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, ta ƙayyade yara 35 ga malami guda a firamare, 40 a sakandare. Bencin da ke ciki bai ɗauki rabinsu ba. Waɗansu suna ƙasa, waɗansu a kan taga, na can baya kuwa ko fuskarsu ba na iya tantancewa. A jami'a an koya mana Piaget da matakan girman hankalin yaro, an koya mana Bloom da rabe-raben manufofin darasi. An kuma sa mu mun yi ƙaramin darasi, dabarar nan da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, inda za ka tsaya minti goma gaban 'yan ajinku su goma, duk sun san amsa, duk kuma suna son ka ci. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma fa ba wanda ya taɓa gaya mini yadda muryar mutum ɗaya za ta kai bayan aji mai kai fiye da ɗari, ko abin da zan yi in na juya ina rubutu faɗa ya kaure a bayana.

Darasina na farko a kan ɓangarorin lamba ne, watau rabi da sulusi da rubu'i da makamantansu. Na kwana ina shirya shi. Na yi minti arba'in ina zuba Turanci, na cika allo tun daga wannan kusurwa har waccan, na juyo na ce, "Kun gane?" Suka amsa baki ɗaya, har rufin kwano yana amsawa, "Mun gane, Malam!" Na fita ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Da dare na zauna duba aikin da na ba su. Mafi yawa sun kwafe tambayoyin tsaf, ba amsa ko ɗaya. Waɗansu ko kwafewar ba su iya ba, zane kawai suka yi mai kama da rubutu. Kafin mako ya ƙare na tabbatar cewa akwai da dama a cikinsu waɗanda ba za su iya karanta jimla guda ba, da Turanci ko da Hausa, bayan sun yi shekara shida a firamare.

Wa zan tambaya? Uban gidana ba ya nan. Malamin da zai zo duba mu daga jami'a ba a san ranar zuwansa ba. 'Yan'uwana shida kowa ta kansa yake yi. Sai na yi abin da duk wanda ya rasa dabara yake yi, na kwaikwayi abin da na ga ana yi a tsakar makarantar, na sa monita ya samo mini tsumagiya.

A nan zan faɗi abin da ban so faɗi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A mako na biyu na kama wani yaro ɗan siriri da ke zama can jikin bango, sau uku yana kawo mini littafi babu komai a ciki. Na fito da shi gaban aji na yi masa bulala uku a tafin hannu. Bai yi kuka ba, bai ce uffan ba, ya koma wurinsa ya zauna. Da aka tashi sai wani abokin zamansa ya biyo ni ya ce, "Malam, ai ba ya ganin allo. Ko a firamare ni nake karanta masa." Washegari na shigo da niyyar in dawo da shi gaba in ba shi haƙuri. Bai zo ba. Jibi ma bai zo ba. Har na bar makarantar ban sake sa shi a ido ba. Babu layi a takardar makina da aka tanada domin wannan yaro. Amma da akwai gogaggen malami zaune a bayan ajin nan, da tun ranar farko ya lura da yadda yake runtse ido, da kuma bai bar ni na ɗaga hannu ba.

Wanda ya cece ni daga ci gaba da ɓarna ba ya cikin tsarin ko kaɗan. Wani dattijo ne mai koyar da Hausa, wanda ya yi kwalejin horon malamai a shekarun 1980, yana gab da ajiye aiki. Wata rana ya tare ni a gindin darbejiya ya ce, "Ɗana, zo mana." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Ina jin muryarka tun daga ajina. Allo kake koya wa karatu, yaran kuwa suna kallon ƙeyarka. In ba za ka ji haushi ba, gobe zan shigo in zauna."

Ya shigo ya zauna a ƙasa tare da na baya. Da na yi nisa sai ya nemi izini ya miƙe, ya nuna wata yarinya wadda ni na riga na sa ta cikin waɗanda ba su san komai ba. Ya ce mata, "Ke, me kike sayarwa in an tashi?" Ta ce awara. Ya ce, "An ba ki ɗari biyar, an sayi ta ɗari uku da hamsin, nawa za ki mayar?" Kafin ya rufe baki ta ba shi amsa. Ya juya ga ajin ya ce, "An auna rabin mudu, an ƙara rabin rabi, me ya rage mudu ya cika?" Hannaye suka tashi ko'ina, har da na kan taga. Ya miƙo mini alli ya ce, "To, rubuta musu abin da suka faɗa." Ashe lissafin da na yi mako biyu ina neman cusa musu yana cikin kansu tun daga kasuwa, alamarsa ce kawai ba su sani ba.

Da muka fito ya ba ni gyara uku. Ya ce kada in sake tambayar aji ko sun gane, domin yaro mai ladabi ba zai ce wa malami a'a ba, in ba su abin yi in gani da idona. Ya ce in riƙa haddace suna goma kullum, domin yaron da ka san sunansa ba ya buƙatar bulala. Ya ce kuma in fara daga abin da suka sani, da harshen da suka sani, kafin in kai su inda nake so. Ya ba ni labari cewa a zamaninsu kwalejinsu tana da makarantar gwaji a jikinta, malaminsu yana zama a baya da takarda, kuma mutum yana iya cin kowace jarrabawa ta rubutu amma a hana shi shaida in ya faɗi a gaban allo. Rabin sa'ar nan da na yi da shi ta fi mini sauran mako shidan amfani. Ba wanda ya aiko shi, ba takardar da ke ɗauke da sunansa, ba a kuma ba shi ko kwabo ba.

Malamin duba ya zo a mako na biyar. Tun da dare labari ya bazu ta waya cewa gobe yana tafe. Waɗanda suka kwana biyu ba a gan su ba suka bayyana da sassafe da sababbin kwalaye masu zane. Aka zaɓo darasin da yara suka riga suka sani, aka gaya wa masu ƙoƙari su zauna gaba. Ya shigo ajina ya yi abin da bai kai minti goma ba. Ya buɗe littafin shirin darasina, ya ga na rubuta manufofi da irin kalmomin da ake so, ya ga kwalina a jikin allo, ya ce in riƙa ja wa kwanan wata layi. Bai buɗe littafin yaro ko ɗaya ba, bai yi wa yaro ko ɗaya tambaya ba. Ya rubuta maki ya fita da sauri, domin yana da waɗansu ɗalibai masu yawa a garuruwa dabam-dabam da zai gani kafin rana ta faɗi. Wannan shi ne makin da ake taya ni murna a kansa.

Yanzu, jama'a, mu ajiye labari mu yi hisabi. Wa ya ci riba a cikin wannan ciniki? Makarantar ta samu ma'aikata bakwai kyauta, ta toshe ramukan jadawalinta. Malaman da aka sauke wa kaya sun samu mako shida na neman abin rufin asiri a kasuwa ko a gona. Jami'a ta cika sharaɗin manhajarta. Ma'aikata ta samu abin da zai rufe mata ƙarancin malamai na ɗan lokaci, ba wanda ya kawo kuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kurar kuwa biyu ce a nan: ɗalibin da ya biya kuɗin mota da na kwali da na abinci daga aljihunsa ya dawo bai koyi sana'a ba, da yaran da aka cinye musu rabin zangon karatu ana gwaji a kansu.

Ku duba sauran sana'o'i. Wane maƙeri ne zai miƙa wa yaronsa masaba ran farko ya tafi kasuwa? Sai ya shekara yana zuga kafin ya taɓa ƙarfe. A makarantar allo ma gardi yana biya wa ƙolo karatu ne malam yana zaune yana ji, in ya karkace a tsayar da shi nan take. Ɗalibin likita ba a barinsa da majiyyaci shi kaɗai ya yanke hukunci, sai da babba a kansa, kuma da za a ji asibitin da ke yin haka da gari ya ɗauka. Don me aka yarda a yi wa ƙwaƙwalwar yaro abin da ba za a yarda a yi wa cikinsa ba? Amsar ita ce raunin da malami ya yi ba ya zubar da jini. Sai bayan shekara goma yake fitowa, sa'ad da ba mai iya cewa ga wanda ya yi shi. Sa'an nan ku tambayi kanku, 'ya'yan waɗanda suke tsara wannan al'amari suna cikin ajin nan mai yara 112? Da suna ciki, da tuni an sami wanzami.

Abin takaici shi ne ƙasar nan ta san yadda ake yin malami. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 domin horon malamai aka kafa ta, kuma shekara biyar mutum yake yi a cikinta. Daga nan Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ya riƙe alli a Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Mutanen da suka riƙe ƙasar nan a gaban allo aka fara gwada su.

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin U.P.E. na ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka fito. Niyya ce mai kyau, kuma da yawa daga cikin iyayenmu ta wannan ƙofa suka shiga makaranta. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Aka shiga horon malamai na gaggawa, aka gajarta kwasa-kwasai, aka ɗebi duk wanda aka samu aka ba shi aji. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta ɗaga darajar waɗanda aka ɗauka ba shiri. Daga baya aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi a 1989, aka yi dokar hukumar rajistar malamai a 1993, aka ƙaddamar da U.B.E. a 1999, aka yi mata doka a 2004, aka kuma mai da N.C.E. mafi ƙarancin takardar shiga aikin. Takardu sun ƙaru, hukumomi sun ƙaru. Amma dabi'ar gaggawar nan, ta a tura mutum aji tukuna a koya masa daga baya, ita ce ba ta bar mu ba.

Sakamakon ya fito fili a 2017, sa'ad da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta kuma ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi jarrabawar, aka yi ta muhawara, aka yi yajin aiki. Ni tambayar da nake yi dabam ce. Duk wanda yake riƙe da takardar koyarwa a cikinsu, ai wata rana wani ya sa hannu cewa ya ci gwajin koyarwa. An tuhumi wanda aka ba takarda. Wa ya tuhumi hanyar da takardar ta bi?

Na san abin da za a ce. Waɗansu za su ce ai wuya makaranta ce, mu ma haka aka jefa mu muka iya. To, ina jin su. Amma wanda aka jefa kogi ya fito da rai, shi ne muke jin labarinsa. Kuma abin da mutum yake koya in an bar shi shi kaɗai, na gan shi a jikina: bulala, da cika allo da rubutu a ce a kwafa, da shirya wasan kwaikwayo ranar da baƙo zai zo. Waɗannan darussa uku su ne tsarin yake koyarwa da gaske, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya koyi haka a mako shida na farko, haka zai yi har ya ajiye aiki.

Waɗansu za su ce babu kuɗi. Tun 1973 aka ƙirƙiro shirin S.I.W.E.S. na tura ɗaliban injiniya da makamantansu masana'antu, aka kuma tanadar musu alawus. Ko ƙanƙane ne, ko yana makara, an dai amince cewa mai koyon aiki yana da haƙƙi. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2021, aka yi shelar cewa za a riƙa ba ɗaliban ilmi na jami'o'in gwamnati naira 75,000 kowane zango, na N.C.E. kuma 50,000. Kowane ɗalibin ilmi ya laluba aljihunsa ya ba kansa amsa. Bayan wannan kuma, babban abin da ya ɓace a makarantar da na je ba ya cin ko sisi. Nawa ake kashewa kafin malami ya zauna a bayan ajinsa?

Waɗansu kuma za su ce ina cin zarafin malamai, mutanen da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Allah ya kiyaye. Mutumin da ya bar mini aji ya tafi neman na cefane ban ga baƙinsa ba, ruwa ba ya tsami banza. Haka malamin duba da aka ɗora wa ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Amma uzurin babba ba ya mayar wa yaro zangon da ya rasa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ɗalibai muna da namu kason, kuma ba ƙarami ba ne. A cikinmu akwai masu neman a tura su makarantar da kawunsu yake shugabanta, su sa hannu a rajista su koma gida. Akwai masu kwafe shirin darasin waɗanda suka gabace su har da kurakuran. Akwai masu haɗa kuɗi a ambulan wai na man mota, alhali kowa ya san sunansa na gaskiya. Akwai kuma mu da yawa da muka shigo wannan tsangaya domin Shari'a ko Likitanci sun ƙi mu, muna faɗi da bakinmu cewa koyarwa inuwa ce da za mu fake kafin aiki ya samu. Wanda ya raina sana'arsa ba shi da bakin cewa wani ya girmama ta. Yaran nan kuma ba su san mun shigo bisa kuskure ba. Su dai Malam suka gani.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan magana ta kai ta inda ya kamata, da buƙatu biyar. Na farko, kada a tura ɗalibi makarantar da ba ta rubuto sunan malamin da zai riƙe shi ba, kuma malamin nan ya kasance cikin aji duk sa'ad da ɗalibi yake koyarwa, a ba shi ɗan ihsani da takardar yabo da za ta shiga fayil ɗinsa. Na biyu, makon farko ya zama na kallo da sauraro, kada a ba ɗalibi alli. Na uku, kada a ba shi darasin da ba fanninsa ba, kada kuma a cike gurbin malamin da babu da shi. Na huɗu, malamin duba ya zo aƙalla sau uku, ba da sanarwa ba, ya zauna daga farkon darasi har ƙarshe, ya buɗe littattafan yara, a kuma rage masa yawan ɗalibai, a biya shi kuɗin tafiya tun kafin ya tashi, domin a toshe ƙofar ambulan. Na biyar, a ba ɗalibi alawus na mota da kayan aiki, duk kuwa wanda aka kama yana fashin aji a soke gwajinsa ya sake. Wannan na ƙarshe mu za mu fara nema a kan kanmu, domin a san da gaske muke.

Ku kuma yayyenmu da kuke zaune a ofisoshin ilmi na jihohi da ƙananan hukumomi, wasiƙun tura mu ta teburanku suke bi. Kun san makarantar da take da malamin Lissafi da wadda ba ta da shi. Bara ko bara waccan ku ma kuna tsaye gaban allon nan gumi yana karyo muku. Kada kujera ta sa ku manta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Baɗi zan koma gwaji na biyu, kuma na roƙi a mai da ni makarantar nan. Ina so in sake zama wajen dattijon nan in Allah ya sa bai tafi ba. Ina kuma so in nemi gidan yaron da ke zama jikin bango, in durƙusa gaban mahaifinsa in faɗi abin da na yi, in roƙe shi ya bar shi ya dawo, ya zauna a layin gaba. Kafin nan, duk wanda za a tura a cikinmu, ran da aka miƙo masa alli aka juya za a tafi, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, don Allah zauna ka ga yadda zan yi." Allah ya sa mu dace.